Zumunci Ko Amana?

Kafin saurayi daga Kiru ko Bebeji ya shiga makarantar kuratan soja ta Zariya, sai ya kawo takardar shaida daga ƙaramar hukuma, da sa hannun wanda ya tsaya masa. To, ɗan'uwa, idan ɗan maƙwabcinka ne, kuma ka san yana da ɗan hali, za ka sa hannu don kunya? Ka tuna, wataƙila gobe shi za a ba bindiga ya tsare matafiya a dajin Falgore, tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Masu tantancewa takarda suke gani, kai kuwa ka san yaron tun yana rarrafe. In zumunci kake so, nema masa wata sana'ar. Shaida amana ce, kuma za a tambaye ka.