Nonon saniya da haƙƙin maraƙi

 

Ya ƴan'uwa, da wuya a sami gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da rana za ta faɗi ba a dama fura da nono a cikinsa ba. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar kansu: wannan nono da ke cikin ƙwarya, asalinsa na wane ne? Saniya ba ta kawo nono sai ta haihu. Ashe ke nan akwai wanda ya riga mu haƙƙi a kansa, shi ne maraƙi.

Malamanmu na Malikiyya ba su tsallake wannan mas'ala ba. A babin ciyarwa na Muhtasar, Shaihu Halil ya bayyana cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu wurin kiwo, in ya ƙi a tilasta masa ya sayar, kuma abin da ya halatta ya tatsa shi ne wanda ba zai cutar da ɗanta ba. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci wani sahabi ya rage nono a hantsa idan yana tatsa, ya kuma umurci wani ya sa iyalinsa su yanke farce don kada su ji wa hantsar rauni.

To, mu dubi manyan gidajen kiwo na Turai da Amurka, inda madara ta zama sana'ar kamfanoni. Saniyarsu mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, wadda ake kira Holstin, tana ba da kimanin lita 30 a yini, alhali tamu ta ruga da ƙyar take cika lita biyu ko uku. Ba mu musun alherin wannan yalwa: ta ciyar da miliyoyin yara, ta rayar da garuruwa. Sai dai a yawancin waɗannan gidaje ana ɗauke maraƙi daga uwarsa ranar da aka haife shi ko kashegari, a riƙa shayar da shi a bokiti. Ita kuwa a sa ta ɗauki ciki kowace shekara, har ciwon hantsa da gurguntaka su ci ƙarfinta, a kai ta mahauta tana da shekara biyar ko shida, dabbar da kan iya kai shekara ashirin.

Mai kare su zai ce maraƙin yana ƙoshi, ina cutar? Hujja ce mai nauyi, domin sau da yawa ya fi namu ƙiba. Amma Abu Dawuda ya ruwaito cewa da wasu sahabbai suka ɗebe ƴaƴan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fuka-fukanta, Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce su su mayar mata da su. Ba yunwa ce ta dame ta ba. A ganina, duk wanda ya taɓa jin kukan saniyar da aka raba da ɗanta ya san cewa cuta ba a ciki kaɗai take ba.

Kada wani ya ce wannan al'amari ne na nesa, domin yana cikin shayinmu na safe. Bayan Tarayyar Turai ta ɗage ƙayyade yawan madarar da manomanta ke samarwa a shekarar 2015, garin madara ya ƙara kwararowa Afirka ta Yamma, mai yawa daga cikinsa an cire masa mansa an zuba man ja a madadi. Yana da araha, ba ya lalacewa da zafi, shi ya sa masu sarrafa madara a birane suka dogara da shi. Da wannan gari ne Bafulatanar da ta ɗauko ƙwarya tun asuba take gogayya a kasuwa.

A nan ne abin ya zo kanmu. Da bazara, ciyawa ta ƙare, dusa da angurya sun yi tsada, saniya ta rame. Matar nan da kuɗin nono take auno hatsin da ƴaƴanta za su ci. Idan muka matse ta a ciniki, hanya biyu suka rage mata: ta ƙara ruwa, ta ha'ince mu, ko ta tatse hantsa ƙarƙaf, ta ha'inci maraƙi. Na farko mukan gane mu yi faɗa. Na biyu babu mai kai ƙara, sai dai a wayi gari maraƙi ya kasa tashi kafin ruwan farko ya sauka.

Makiyayanmu sun gaji ladabi mai kyau: sai an saki maraƙi ya fara tsotsa kafin a tatsa, a kuma bar masa saura. Gaskiya ne saniyarmu ba ta sakin nono in ba ta ga ɗanta ba, amma rabon da ake bar masa yana hannun mai tatsa, kuma yana raguwa ne gwargwadon dalar da mai saye ya rage a bakin kasuwa.