Rufin Asiri ko Rufa-rufa? Tambayar da Na Taso da Ita Daga Gareji

Mai karatu, a yi mini uzuri. Na san ka saba ganin ina feɗe finafinai a wannan fili, to amma a wannan watan na ajiye rimot, gareji zan kai ka. Garejin ma na manyan motoci, inda ake kwance tifa da tirela da roka da katafila, inda ƙasa ta yi baƙi ƙirin saboda shan mai. Akwai wata tambaya da na taso da ita daga can tun ina karatun difiloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, har yau kuma ba ta bar ni ba. Tambayar ita ce: yaushe rufin asiri yake zama zalunci?

A lokacin nakan sha shayi da yamma a kusa da wani gareji a bakin hanyar Daura. A nan na saba da wani dattijon bakanike wanda kowa ke ce wa Baba. Bai yi boko ba, amma in an tada inji a gabansa sai ya ɗauki dogon ƙarfe ya ɗora bakinsa a jikin injin, ya kara ɗaya gefen a kunne, ya lumshe ido. Bayan minti guda zai gaya maka silindar da ke da ciwo.

Shi ya fara fahimtar da ni yadda injin gas yake aiki. Ba shi da fulogi kamar injin fetur. Iska kawai fistan yake matsewa, ya matse ta ninki goma sha wani abu, har ta yi zafin da in nozul ya feso mai sai ya kama da kansa. A kan haka Bajamushen nan Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki sosai a 1897 a garin Augsburg. Wato rayuwar injin gas gaba ɗaya tana kan matsi ne. In zoben fistan ya cinye, matsi ya zube, ƙarfi ya tafi. Kuma inji ba ya ɓoye ciwonsa, ta salansa yake faɗa. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai. Fari kuwa, in ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, to ko man bai ƙone ba, ko gaskit ya ƙone ruwa yana shiga.

Ran nan ina zaune sai ga wani mai tifa daga wajen Roni, irin masu ɗibar yashi da tsakuwa. Motar tana fitar da shuɗin hayaƙi kamar an kunna yayi. Baba ya buɗe murfin baƙin mai inji yana aiki, sai ga tururi yana bulbulowa. Ya ce sai an sauke injin: a sake zobba da silif da metal, a kai karanshaf Kano a goge, a kai famfo da nozul a saita. Da ya lissafa kuɗin kayan a Kasuwar Ƙofar Ruwa, sai mai tifa ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe kai.

Can sai ya ce, "Baba, ni ba ni da wannan kuɗin. Akwai wani mutumin Gwiwa da yake son motar, jibi zai zo gani. Ka juye man nan ka zuba mata man giya mai kauri, hayaƙin ya lafa, ƙarar ta ragu, yara su wanke injin. Don Allah ka rufa mini asiri, bashi ne a wuyana."

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Ɗana, in lallaɓa maka ita kake so ka ci gaba da neman abinci kafin Allah ya hore, zan yi, ko ba ka da ko sisi yau. Amma in yi mata kwalliya don wani bawan Allah ya zuba dukiyarsa, wannan ba da hannuna ba."

Mai tifa ya tashi cikin fushi. Daga baya na ji an yi masa aikin a wani wuri, kuma motar ta sayu.

To mai karatu, kada ka yi saurin yanke hukunci, don maganar ba ta kai sauƙin da take gani ba. Da farko mu tambayi kanmu, me ya sa ƙasarmu ta cika da tsofaffin injuna? Ba don muna ƙin sabo ba ne. Akwai lokacin da ake harhaɗa manyan motoci a nan gida: ANAMMCO a Inugu tana haɗa Marsandi, NTM a Kano tana haɗa Fiat, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan. Da aka karya darajar naira daga 1986, sabuwar babbar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa matsakaici, sai aka koma kan na hannu daga Turai da kuma farfaɗo da waɗanda ake da su. A 2022 kuma farashin litar gas ya ninka fiye da sau biyu cikin shekara guda, abin da ya rage wa mai mota na gyara ya ƙara tsukewa. Saboda haka roka mai bodin katako da ke ɗauko gero da riɗi daga ƙauyukan Babura, da tifar da ke kai yashi gini, da tsohuwar katafila ko gireda da ke share hanya bayan damina, duk a hannun kanikawa irin su Baba ransu yake. Kamfanin Caterpillar ya fara fitar da tarakta mai injin gas tun 1931, kuma tun daga manyan ayyuka irin na madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 mutanenmu suka ƙware da waɗannan ƙarafa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka lallaɓawa ba laifi ba ce. Da kowane bakanike zai ce ko cikakken gyara ko a ajiye mota, da rabin amfanin gonar Jigawa ya ruɓe a ƙauye. Ka lura Baba bai ƙi lallaɓa motar ba, har bashi ya yarda ya bayar. Man giyan nan ma, da mai motar ne zai ci gaba da tuƙa abarsa yana sane da halin da take ciki, da sai mu ce wauta ce, don zai ƙarasa injin, amma ba za mu ce cuta ba ce. Aiki ɗaya ne, hannu ɗaya, gwangwanin mai ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wanda zai ɗauki asarar ya sani ko bai sani ba.

A nan ne na gane inda kalmar rufin asiri take zamewa. Rufin asiri ɗabi'a ce mai kyau da aka san Bahaushe da ita: ka ga maƙwabcinka ya kwana da yunwa ka aika masa da hatsi da dare ba tare da kowa ya ji ba, ka san kuskuren da wani ya yi ya tuba ka yi shiru. A duk waɗannan, kai mai rufawa ne kake ɗaukar nauyin, ko kuma babu wanda ya cutu. Amma in za a rufa wa wani asiri da kuɗin wani mutum na uku wanda ba ya wurin, ba a kuma tambaye shi ba, to asirin bai rufu ba, an dai ɗauke tonon daga kan wannan an ɗora a kan wancan. Bashin mutumin Roni bai ɓace ba, Gwiwa ya koma. Shi ya sa malaman fiƙihu suka ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa.

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na faɗa wa Baba a ranar. Na ce, "Baba, to me ka hana? Ga shi an yi aikin a wani wuri, mutumin ya saya, kai ka rasa kuɗi ka rasa kwastoma." Gaskiya ne, ƙin da ya yi bai ceci kowa ba. In sakamako kaɗai za mu duba, Baba ya yi asara a banza. Amma "in ban yi ba wani zai yi" hujja ce da ba ta da gindi, domin shi wanin ma da ita ya kafa hujja, yana nufin kai. Haka kowa zai yi ta jingina da kowa har a rasa wanda ya fara. Sannan akwai abin da ba a lissafa ba. Duk wanda ya kawo wa bakanike inji makaho ne, bai san abin da ke cikin bulok ba. In an ce masa an sa sabon metal, sai dai ya yarda. Sana'ar gaba ɗaya a kan wannan yardar take tsaye. Ranar da Baba ya yi wa mai tifa ƙarya a kan wani, ranar mai tifa zai san Baba yana iya yi masa ƙarya shi ma.

Wani kuma zai ce ai bakanike ɗan aike ne, mai mota ne ya yi niyya, shi zai ɗauki zunubi. Wannan ma ban yarda ba. Mai tifa yana da niyya amma ba shi da ilimin. Bai san kaurin man da zai danne hayaƙi na kwana uku ba. Ilimin Baba ne zai mayar da niyyar ta zama aiki, kuma wanda ya fi kowa sani a wuri shi ya fi kowa nauyi.

Akwai ma wurin da ko sanin mai mota bai isa ba. Manyan motoci da yawa birkin iska gare su, kuma injin ne yake juya kwamfuresan da ke cika tankunan iskar. In bututu yana yoyo aka ɗaure shi da roba, mai mota ya sani, direba ya sani, sun amince. To yarinyar da ke tallar gyaɗa a bakin titi a gangaren shiga gari fa, an tambaye ta? Haka hayaƙin. A 2012 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Mai shayi da yaran gareji da ɗan acaɓan da ke bin tifa a baya su suke shaƙa, ba su ne kuma suka yi cinikin ba. Ka iya yafe naka haƙƙin, ba ka da ikon yafe na mutanen hanya.

Amma ga inda har yanzu nake kai-kawo, kuma ba zan ɓoye maka ba. Baba ya san za a cuci mutumin Gwiwa, bai kuma neme shi ya gaya masa ba. Da na tambaye shi sai ya ce, "In ya zo ya tambaye ni zan faɗa masa gaskiya. Amma abin da mutum ya faɗa mini a garejina ba zan ɗauka in kai kasuwa ba." Wato amana biyu ce ta haɗu a kansa, ta wanda ya buɗe masa cikinsa da ta wanda bai taɓa gani ba. A ganina da lamarin na birki ne, inda rai yake, to shiru bai halatta ba ko kaɗan. Da yake na dukiya ne, ina fahimtar matsayinsa, ko da yake zuciyata ba ta kwanta ba. Da aƙalla ya ce wa mai tifa a fili duk wanda ya tambaye shi zai faɗa, wataƙila da hakan ya sa shi tunani. Wataƙila kai kana da wani ra'ayin, ƙofar wasiƙu a buɗe take.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a lokacin da ake wannan magana akwai yara uku masu koyon aiki a ƙarƙashin wata tirela, sun yi tsit da sifana a hannu suna saurare. Ba wanda ya yi musu wa'azi. Sun dai ga ogansu ya bar kuɗi ya tafi a ranar da babu wani aiki a garejin. Su ne za su riƙa ɗaure birkin motocin da ni da kai za mu riƙa gilmawa a hanyar Kano zuwa Daura nan da shekara ashirin.

A finafinanmu bakanike ɗan ban dariya ne, ko kuma talakan da za a hana wa budurwa saboda baƙin mai a riga. Ban taɓa ganin an ɗauki irin wannan rana an yi labari da ita ba, alhali ga rikici, ga jarabawa, ga mutum biyu kowa da hujjarsa. Mu kanmu ba mu tsira ba. Furodusan da ya san fim ɗinsa ba shi da labari ya cika shi da waƙa da kyakkyawar fasta, man giya ya zuba. Mai sharhin da ya yabi fim don abokinsa ne ya yi, shi ya wanke injin. Na taɓa yi, kuma a ranar na kira shi rufin asiri.

Kai ma mai karatu, ko tela ne kai, ko malamin makaranta, ko mai kemis, akwai wani inji a hannunka wanda kai kaɗai ka san cikinsa. In aka zo aka ce ka rufa asiri, kafin ka amsa ka tambaya: wa zai biya, kuma yana nan a wurin? Allah Ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu. Sai wata mai zuwa in muna da rabon ganawa.