Wuta ta doso gari, maigida ba ya nan: Ki jira ko ki fita?

Wata ɗalibata ce a ajin matan aure ta yi mini tambayar da har yau nake juya ta a raina. Ta ce, "Malama, in wutar daji ta doso gari, hukuma ta ce a tashi, maigida ya yi tafiya, wayarsa kuma ba ta shiga, in fita ko in jira izini?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kam ban yi ba, domin na san abin da jira ya taɓa jawowa.

Ranar Asabar 7 ga Fabrairu, 2009, zafi ya haura digiri 46 a birnin Malbon na Ostareliya, wutar daji ta tashi a jihar Biktoriya ta ci rai 173. Akasarinsu a cikin gida suka rasu, wasu kuma a hanya, sun fito bayan lokaci ya ƙure. Shawarar hukuma a lokacin ita ce ko ki tsaya da cikakken shiri ki kare gida, ko ki tafi da wuri. Da yawa suka zaɓi ta uku: "bari dai mu gani." Bayan wannan musiba ne aka ƙara matakin gargaɗi mafi tsanani, wanda in an ayyana shi a jihar ake rufe gandayen daji, a ce wa mutane su tashi tun daren jiya ko da sassafe.

Me ya sa "bari mu gani" take kisa? Domin iska tana ɗaukar tartsatsi ta jefa shi kilomitoci gaban wutar, sai ki ga bayanki ya kama alhali kina kallon gabanki. Hucin wutar yana kayar da mutum tun harshenta bai iso ba. Hayaƙi kuma ya rufe titi, direba ba ya ganin ko hancin motarsa.

To, ina biyayya? Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da lissafa tsoron gobara ko rushewar gida cikin lalurorin da mace take fita saboda su ba tare da izini ba. Yaran nan amana ne, ranki ma haka. Amma a ganina matsalar ba ta wannan sa'ar ba ce, tun farko ne ba a zauna an yi maganar ba. Mu ma nan, da hunturu ya kama ciyawa ta bushe, ai muna ganin masu farautar gafiya suna cinna wa daji wuta. In gidanku na bakin daji ne, ki samu maigida yana cikin nishaɗi ku yanke: gidan wa za ki nufa, ta wace hanya, wa zai ɗauki Inna.

Sai batun hanyar da aka rufe. Direba zai ce miki ya san wata ɓarauniyar hanya. Kada ki yarda, ko da za a kira ki matsoraciya. Wanda ya tsallake shinge ba ransa kaɗai ya saka a haɗari ba, har da na 'yan kwana-kwanan da za su bi sawunsa, su ma fa 'ya'yan wasu ne.

Labari kuwa, aya ta 6 a Suratul Hujurati ta hore mu da bin diddigi. Saƙon WhatsApp da ke cewa "hanya ta buɗe" wataƙila na jiya ne, in kin tura shi wata ta bi, da hannunki a ciki. Ki nemi sanarwar hukuma, ki kuma ajiye ƙaramar rediyo da batir sabo a jakar da takardun yara suke, don wutar lantarki da layin waya suna cikin abubuwan da gobara take fara katsewa.