Ruwan da Ba Ki Saya Ba, Na Wane Ne?

'Yar'uwa, tun ina ɗaliba a jami'a wannan tambaya ke damuna. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, famfon ɗakin kwanan mata ba ya kawo ruwa sai da asuba. Sai wata ta tara bokiti ta koma ɗaki, ruwa yana malala cikin kwata, alhali na bayanta a layi ba su samu na alwala ba. Kuma wallahi yarinyar nan a gidansu, inda ake sayen jarka wurin 'yan garuwa, ko kofi ɗaya ba ta zubarwa. Ashe tsoron kuɗi ta koya, tattali bai shige ta ba.

Laifin har da mu iyaye. "Kar ki zubar, da tsada" muke cewa, ba ma ambaton haƙƙin wani. Ranar da ruwan ya zama kyauta, sai hujjar ta ƙare.

Manzon Allah (SAW) da mudu ɗaya yake alwala. Mudun Annabi fa, cikin tafin hannu biyu, bai kai lita ba. Kafin 'yarki ta koma makaranta, ki auna mata shi a buta, ta yi alwala a gabanki.