Karanta Labaran Ban Tsoro Don Nishaɗi: Ina Iyakarsa?



A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Makoɗa da Kunci, inda gona ke haɗe da gona, gida kuma ke hango gida, wata ɗabi'a ta yaɗu tsakanin samari da matan aure, watau karanta labaran aljanu da mayu da fatalwa don jin daɗi. Tun daga shekarun 1980, lokacin da littattafan Kasuwar Kano suka bunƙasa, ake samun irin waɗannan labarai a takarda. Yanzu kuwa sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp, wanda bai iya karatun boko ba kuma ya saurari mai karanta masa ta YouTube. To, shin ya halatta Musulmi ya nemi tsoro da kuɗinsa, ya kuma ji daɗinsa?

Da farko dai abin ba baƙo ba ne. Kakanni sun tsoratar da jikoki da Dodo a tatsuniya, har Frank Edgar ya tara irin waɗannan tatsuniyoyi ya buga tsakanin 1911 da 1913. Shi kansa tsoro halitta ne, ba aibu ba ne, domin Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Musa ya juya da gudu sa'ad da sandarsa ta zama maciji. Dalilin daɗin kuwa a fili yake: mai karatu yana ɗanɗanar firgita alhali yana kwance lafiya a ɗakinsa, in ya rufe littafin sai ya ji sanyin kuɓuta. Ƙagaggen labari kuma ba ya zama ƙarya matuƙar mai faɗa da mai ji duk sun san ƙagagge ne. Shi ya sa mai tatsuniya ke rufewa da jingina abin ga Gizo, don kada yaro ya kwana da shi a matsayin gaskiya.

Amma fa nan ne gizo ke saƙa. Da yawa daga labaran yau ba su da wannan shinge, har wasu ana rantsuwa cewa sun faru. Bature mai karanta labarin fatalwa yakan ɗauka duk tatsuniya ce. Musulmi kuwa ya yi imani akwai aljanu, domin sura ta 72 sunansu ta ɗauka. Saboda haka in marubuci ya ba aljani ikon sanin gaibu ko ikon kashewa da rayawa, ya taɓa aƙidar mai karatu. Suratu Saba'i ta nuna aljanu sun yi ta wahalar aiki ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba, sai da gara ta cinye sandarsa. Aya ta 6 a Suratul Jinni kuma ta nuna masu neman tsarinsu ba abin da suka ƙaru da shi sai taɓewa. Manomin da labari ya hana shi bin gindin tsamiya ko kuka bayan magariba, ya kuma kai shi ƙofar boka, lalle nishaɗinsa ya ci masa tauhidi.

Ɓarna ta biyu ta fi wannan zafi, domin a kan maƙwabci take sauka. A birni mayen littafi ba shi da fuska, amma a ƙauyen da kowa ya san kowa, sai zuciya ta ɗora masa fuskar wata tsohuwa marar gata. Damina ta yi, zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro har ya shiga sambatu, ya ambaci sunanta, sai a taru a ce ta tsallaka shi ta saki kurwarsa. An zubar da mutuncin baiwar Allah ba da shaida ba, an kuma jinkirta kai yaro asibiti. Ai an ga misali a cutar shan inna, wadda aka daɗe ana jingina ta ga aljana, amma allurar riga-kafi da ɗigon baki suka yi maganinta, har a 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Ta uku ita ce tsoratar da wanda bai nema ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana firgita Musulmi ko da wasa. Wanda ya kunna irin wannan labari a tsakar gida yara na ji, ya zaɓa wa kansa nishaɗi, ya zaɓa musu kwanan fargaba.

Saboda haka ma'aunin ba ya wuyar riƙewa. Labarin da aka san ƙagagge ne, bai gurɓata aƙida ba, bai sa zargin kowa ba, bai kuma ci sallar asuba ba, yana cikin wasan da Shari'a ta yi rangwame a kansa. Wanda kuwa ya bar mutum yana tsoron halitta fiye da Mahalicci, ko yana yi wa maƙwabciyarsa kallon mayya, barinsa ya zama wajibi a kansa. Marubuta su ma su sani za a tambaye su abin da alƙaluminsu ya shuka.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya tsare imanin Musulmi, amin.