Motar Da Sai An Tura

Duk wanda ya taɓa tafiya a tsohuwar mota ya san wannan lokacin. Direba ya murɗa makulli, mota ta yi tari ta yi shiru, sai ya waiwayo ya ce, "Jama'a, a taimaka a tura." Nan da nan babbar riga ta hau kafaɗa, alhaji da ɗan dako su dafa ƙarfe ɗaya. Waɗanda suka yi cacar baki a kan kujerar gefen taga tun daga tasha, ga su kafaɗa da kafaɗa suna nishi. Ba wanda ya yafe wa wani, ba a kuma sasanta komai ba. Mota dai ake so ta tashi.

A kan wannan ɗan abu aka gina fim ɗin Little Miss Sunshine, wanda ya fito a Amurka a 2006. Mata da miji ne suka ba da umarninsa, Valerie Faris da Jonathan Dayton, Michael Arndt kuma ya rubuta labarin. Iyalin wani mutum ne mai suna Richard Hoover suka taso daga Albuquerque ta jihar New Mexico zuwa Kalifoniya, tafiyar fiye da kilomita 1,000, don su kai 'yar autarsu Olive, mai shekara bakwai, gasar sarauniyar kyau ta yara. Motarsu tsohuwar bas ce ƙirar Volkswagen, ruwan ɗorawa, irin wadda mutanen Legas suka fara kira danfo. Ba su yi nisa ba kuloci ya lalace. Bakanike ya ce ba za a samu kayan gyara ba sai bayan kwanaki, amma in sun tura ta ta ɗauki gudu, sai a saka giya ta uku. To, haka aka yi ta yi har ƙarshen tafiya: duk inda aka tsaya, sai kowa ya sauko ya tura, sannan a bi ta a guje ana ɗanewa ɗaya bayan ɗaya.

Su waye masu turin? Uban gidan mai koyar da dabarun cin nasara ne, yana da matakai tara da yake wa kowa wa'azi da su, alhali shi kansa bai ci nasarar komai ba. Ɗan matarsa, Dwayne, ya yi alwashin ba zai sake magana ba sai ya zama matuƙin jirgin sama, in yana son wani abu sai ya rubuta a takarda. Kawu Frank malamin jami'a ne masanin adabin Faransa, an sallamo shi daga asibiti bayan ya nemi halaka kansa. Kakan kuwa an kore shi daga gidan kula da tsofaffi saboda shan ƙwaya, ga baki ba linzami. Sai uwar gida Sheryl, wadda take riƙe da kowa da ƙyar, kullum a gajiye. In da a unguwarmu suke, da mun ce gidan nan sai addu'a.

An kashe wa fim ɗin kimanin dala miliyan 8, ya kuma samo wajen dala miliyan 100 a duniya, ya ci kyautar Oscar biyu, ɗaya ta rubutun labari, ɗaya ta Alan Arkin da ya fito a kakan. Abin tambaya, me mutane suka gani? Ba jarumi a ciki, ba bos. Olive ba ta ci gasar ba, an ma haramta mata sake shiga irinta a jihar. Kakan ya mutu a hanya, suka naɗe gawarsa a zanen gado suka fitar da ita ta tagar asibiti don kada su makara. Dwayne ya gano a cikin mota cewa idonsa ba ya bambance launuka, ke nan maganar tuƙa jirgi ta ƙare, kalmar farko da ta fito daga bakinsa bayan watanni ashar ce. Ya gangara cikin wani kwari ya zauna yana cewa ya tsani kowa. Uwarsa ta je ta yi magana, bai saurara ba. Sai Olive ta sauka, ta tsuguna kusa da shi, ta ɗora kanta a kafaɗarsa, ba ta ce uffan ba. Ya tashi ya biyo ta.

A ganina nan ne sirrin irin waɗannan finafinai yake, waɗanda ƙananan kamfanoni suke yi da ɗan kuɗi, a fara nuna su a bukukuwan fim irin na Sundance da Cannes, dariya da ban tausayi a cakuɗe. Ba su ɗauki iyali a matsayin wurin da ake gyara mutum ba. Wuri ne da ake tafiya da mutum yadda yake, da gurguntakarsa, saboda ba yadda za a yi a bar shi a bakin titi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ƙauna a cikinsu ba a bakin mutane take ba, a hannuwansu take.

Akwai masu cewa mutanen cikin waɗannan finafinai ba na gaske ba ne, an cusa wa kowa wata baƙuwar ɗabi'a don kawai a ce fim ɗin ya fita daban. Wani lokaci suna da gaskiya, domin akwai masu kwaikwayo da suka ɗauki ɓawon suka bar ƙwayar. Amma a masu kyau daga cikinsu, kowace baƙuwar ɗabi'a tana da tushe. A The Royal Tenenbaums na Wes Anderson, wanda ya fito a 2001, akwai Chas da kullum yake sanye da jan kayan motsa jiki na Adidas, shi da 'ya'yansa maza biyu, yana tashinsu cikin dare don atisayen gudun gobara. Da farko dariya za ka yi. Daga baya ka gane matarsa ce ta rasu a haɗarin jirgin sama, tun daga ranar bai sake yarda da duniya ba. Uban nasa kuwa, wanda Gene Hackman ya fito a matsayinsa, ƙaryar ciwon dajin ciki ya yi don a bar shi ya dawo gidan da ya watsar shekara da shekaru, saboda kuɗinsa sun ƙare an kore shi daga otal. A Toni Erdmann, fim ɗin Jamus na 2016 da Maren Ade ta yi, wani tsohon malamin kiɗa ne yake bin 'yarsa har Bukarest ta Romaniya, inda take aikin ba kamfanoni shawara, yana saka haƙoran roba da gashin ƙarya yana shiga tarukanta da sunan bogi. Kunya kamar ta kashe ta. Amma mutumin bai san wata hanyar da zai tambayi 'yarsa ko tana cikin farin ciki ba, ya gwada tambayar kai tsaye ta mayar masa da amsa irin ta ofis.

Ku duba gidajenku da kyau. Kawun nan da ba ya zama a taron biki sai ya tsokani kowa, gwaggon da take tara tsofaffin kwanuka ba ta bari a taɓa, yayan da ya daina zuwa gida da Sallah ba tare da ya ce an yi masa wani abu ba. Mun saba mu ce halinsa ne. Ba mu cika tambayar yaushe halin ya fara ba.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne Nebraska na Alexander Payne, na 2013, wanda aka ɗauka ba launi, fari da baƙi. Wani tsoho ne, Woody Grant, mashayi, hankalinsa ya fara raguwa, ya samu takardar talla a akwatin wasiƙa wai ya ci dala miliyan ɗaya. Kowa ya san yaudara ce sai shi. Ya kama hanya a ƙafa daga Billings ta jihar Montana zai je Lincoln ta Nebraska ya karɓo kuɗinsa, ana dawo da shi yana sake fita. Da ɗansa David ya ga ba zai daddara ba, sai ya ɗauke shi a mota. Ya san babu ko sisi a can. Suka yada zango a garin da tsohon ya tashi, labarin miliyan ya bazu, sai ga dangi da tsohon abokin sana'a kowa yana tuno wani bashi da yake bin Woody. Wannan wurin ba sai an yi wa Bahaushe bayani ba. Da David ya matsa wa uban ya faɗi abin da zai yi da kuɗin, buƙatarsa ba ta taka kara ta karya ba: sabuwar a-kori-kura, da injin ba da iska a madadin wanda wani ya ara tun shekaru bai dawo da shi ba, sauran kuma ya bar wa 'ya'yansa wani abu. Bayan an tabbatar musu a Lincoln cewa bai ci komai ba, David ya yi musayar motarsa da a-kori-kura, ya sa sunan uban a takarda, ya sayi injin, ya kuma bar tsohon ya tuƙa ta tsakiyar garinsu a gaban waɗanda suka yi masa dariya. Ba su rungumi juna ba, ba wanda ya nemi gafarar wani. Bruce Dern ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a Cannes da wannan rawa, kuma rabin aikin nasa shiru ne da kallon wuri ɗaya.

Kada a ɗauka abin na Turawa ne kaɗai. Tun a 1959 Yasujiro Ozu na Japan ya yi Good Morning, labarin wasu yara biyu 'yan gida ɗaya da suka shiga yajin magana sai an saya musu talabijin. Da ubansu ya ce sun cika surutu, babban ya mayar masa cewa ai manya ne sarakan maganar banza, kullum gaisuwa da zancen yanayin gari. Shirun nasu ya jawo maƙwabta suka zaci uwarsu ce take gaba da su. Can kusa da ƙarshe sai ga saurayi da budurwa a tashar jirgin ƙasa, suna son juna, amma ba abin da suke iya tattaunawa sai kyawun gajimare. Mu da muke iya kwashe minti biyar a kan ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, mun fi yaran nan sanin abin da gaisuwa take ɗauke da shi.

Sai The Farewell na Lulu Wang, na 2019, wanda ta gina a kan abin da ya faru a danginta. A fim ɗin, an gano wata kaka da ke Changchun a ƙasar Sin tana da ciwon dajin huhu, dangi suka yanke shawarar kada a faɗa mata. Don kowa ya samu dalilin zuwa ya yi mata kallon ƙarshe, sai aka gaggauta bikin auren wani jika. Billi, jikar da ta girma a New York, tana ganin wannan cin amana ne. Baffanta yana ganin nauyi ne da ya kamata dangi su ɗauke wa tsohuwa. A wurin biki ana ci ana sha, kakar tana ta kai-kawo a kan abincin da za a kawo wa baƙi, ango kuwa ya fashe da kuka. Mu ma muna da irin wannan: a bugo wa mutum waya yana nesa a ce ya zo gida jikin Baba ya yi tsanani, alhali an riga an rufa shi, don kada ya kama hanya cikin ɗimuwa. Ni dai ina ganin mara lafiya yana da haƙƙin sanin halin da yake ciki, ko don ya biya bashi ya bar wasiyya. Amma fim ɗin bai bar ni na yi saurin yanke hukunci ba, domin Billi ɗin da take adawa ita ce ta ruga da gudu ta tare sakamakon gwajin asibiti aka sauya shi kafin ya isa hannun kakar. A ƙarshe an nuna cewa shekara shida bayan gano cutar, kakar ta gaske tana nan da ranta.

Finafinanmu na Kano ba su rasa labarin iyali ba, kusan ma shi ne abincinsu. Sai dai mun fi sabawa da gidan da dole a samu mugu a cikinsa, kishiya mai bin boka ko uwar miji mai baƙar zuciya, a ƙarshe asiri ya tonu, mugu ya yi nadama ko ya haukace. Barkwanci kuma a ware masa nasa fim ɗin daban, kamar ba a dariya a gidan da ake kuka. Alhali kowa ya zauna zaman makoki ya san a rana ta uku akan samu jikan da zai tsokani mamacin, har matar da aka bari ta murmusa cikin hawaye. Muna da wasan jika da kaka, da na taubasai, da kunyar ɗan fari da take sa uwa ta ƙi kiran sunan ɗan da ta fi so. Ga kayan aiki nan a zube, ba su kuma buƙatar kuɗi masu yawa, gida ɗaya da mutum shida sun isa.

Ina roƙon marubutanmu su gwada mana fim ɗaya da ba mugu a cikinsa, kowa yana da gaskiyarsa kuma kowa yana ba da haushi. Mai karatu da yake son ya fara kallon irin waɗannan kuwa, ya fara da The Farewell ko Good Morning, ana iya kallonsu da iyali. Sauran akwai ashar da wuraren da ba su dace da yara ba, musamman Toni Erdmann, wanda kuma ya haura awa biyu da rabi, sai a bari yara su yi barci.