Mashigar da Aka Bari a Tudun Maharba

Tudun maharba da ke Uhudu bai kai tsawon da zai gajiyar da mai lafiya ba. Amma a ziyararmu ta bara, wani ƙaninmu ɗan shekara 26 sai da ya tsaya sau biyu kafin ya kai samansa, yana tari yana tofar da kaki. Da na ambaci sigari, sai ya ce: "Yaya, ai jikina ne." Tun ranar nake juya maganar: shin mutum mamallakin jikinsa ne, ko mai tsaronsa?

A kan tudun nan, a shekara ta 3 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu, da umarnin kada su gusa. Da suka ga alamar nasara, mafi yawansu suka sauko, Khalid ɗan Walid ya zagayo da dawakai ta baya. Shahidai kusan 70, har da Sayyidina Hamza, suna kwance a nan. Allah Ya yafe wa maharban, amma darasin ya rage: mai tsaron mashiga ba kansa kaɗai yake tsarewa ba.

Huhu ma mashiga ce. Hayaƙi yana gurgunta ƙananan gashin da ke share hanyoyin numfashi, sai kaki ya taru. Tari mai kaki na wata 3 a shekara, shekara 2 a jere, likitoci suna ɗaukarsa daɗaɗɗen kumburin hanyoyin numfashi, ba mura ba. Hayaƙin nan kuma yana lalata bangon jijiyoyin jini, yana sa jini saurin daskarewa, har ya toshe wa zuciya hanya. Mu injiniyoyi mun san tsatsa ta ciki take cin bututu, fentinsa yana ƙyalli. Ƙuruciya fenti ce.

Wani zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa. Gaskiya ne, amma wanda ya fi kowa tawakkali sulke biyu ya sa a ranar Uhudu. Kuma zuciyar da saurayi ke kira tasa, akwai mahaifiya a Katsina ko Maraɗi da ke jiran aikensa, da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.

Wanda ya daina sha, cikin shekara 1 ƙarin haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa da kusan rabi. Ɗan'uwa, tudun bai kuɓuce ba. A koma bakin tsaro.